Me Ya Sa Ɗanyar Hanta Ta Ke Kumfa? Labarin Feroksisom

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka za mu fara da abin da muka gani da idonmu a ɗakin gwaje-gwaje, kafin mu shiga abin da muka karanta. Ran nan aka sayo mana ɗanyar hantar rago daga kasuwa, muka raba ta biyu, muka dafa rabi, muka bar rabi ɗanye. Muka kawo kwalabe huɗu, muka zuba wa kowace ɗan ruwan nan da a ke sayarwa a kantin magani, wanda a ke kira haidirojin feroksaid. Cikin ta fari muka jefa yashi, ba abin da ya faru. Cikin ta biyu muka jefa dafaffiyar hanta, nan ma shiru. Da muka jefa ɗanya cikin ta uku, sai kumfa ta taso fari fat, har ta malalo bisa tebur. Cikin ta huɗu muka zuba gyaɗar da ta kwana biyar da tsira, bayan mun daka ta, ita ma sai ta shiga kumfa. Sa'an nan muka kunna tsinken tsintsiya, muka hure harshen wutar, muka zura garwashin cikin bakin kwalba ta uku, nan da nan wuta ta sake kamawa. Wannan ya nuna mana iskar da ke cikin kumfar oksijin ce.

To, ga tambayoyi uku. Mene ne cikin hanta da ke fid da wannan iska? Don me dafuwa ta kashe shi? Kuma me ya haɗa hantar rago da tsiron gyaɗa? Amsarsu duka tana wurin wani ɗan abu da ido ba ya gani, sunansa feroksisom. Lokacin da aka yi bukin buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, duk duniya babu wanda ya taɓa ganinsa, balle ya raɗa masa suna.

ƘWAYAR HALITTA KAMAR BIRNI CE

Kun sani jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko itace, an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana da a ke kira ƙwayoyin halitta. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba da labarinsu cikin 1665, da ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma. Ƙwayoyin hanta, in an jera kamar dubu ɗaya daga cikinsu, sa'an nan za su cika inci guda.

Duk da wannan ƙanƙanta, kowace ƙwaya birni ce. Tana da ganuwa, watau fatar da ta kewaye ta, tana da ƙofofi inda a ke tantance mai shiga da mai fita, kamar yadda Ƙofar Durɓi da Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa suka kasance a zamanin da. Tana da fada, watau cibiyar da a ke ajiye littafin gado, daga nan kuwa umurni ke fitowa. Tana kuma da unguwannin masu sana'a. Akwai maitokondiriya, inda a ke ƙona abinci a sami ƙarfi. A ganyen tsiro akwai kulorofilas, kore shar, inda a ke haɗa sukari da hasken rana. Ma'aikatan da ke cikin unguwannin nan su a ke kira inzayim. Kowane inzayim furotin ne, kowane kuwa da aikinsa guda, ba ya shiga na wani. Zafin dafuwa ya kan lalata siffarsu, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa in an dafa shi. Shi ya sa dafaffiyar hanta ba ta yi kumfa ba.

A kowane gari akwai sana'ar da ba a yinta a tsakar gida. Maƙeri ya kan keɓe wutarsa a maƙera, ya ajiye kaskon ruwa kusa da shi. Feroksisom ita ce maƙerar ƙwayar halitta, wurin da aka keɓe don aiki mai haɗari.

YADDA AKA GANO TA

Ruwan haidirojin feroksaid, wani masani na Faransa, Louis Jacques Thénard, shi ya gano shi cikin 1818. Tun a lokacin aka lura naman dabba yana sa shi kumfa. Cikin 1900 Oscar Loew ya raɗa wa inzayim ɗin da ke wannan aiki suna katales. Amma ina ya ke zaune cikin ƙwaya, wannan ba a sani ba, don madubin da a ke da shi bai kai ba.

Bayan da aka sami madubin lantarki, sai cikin 1954 wani ɗalibi a ƙasar Suwidin, Johannes Rhodin, ya ga waɗansu 'yan ƙullutai cikin ƙwayoyin ƙodar ɓera. Bai san aikinsu ba, sai ya ce da su ƙananan jikuna kawai. Cikin 1956 waɗansu suka gan su cikin hanta kuma.

Wanda ya warware al'amarin shi ne Christian de Duve, na jami'ar Louvain a ƙasar Beljiyam. Dabararsa ta yi kama da ta mai kaɗa nono. Ya kan niƙa hanta a hankali, ya zuba cikin injin da ke juyawa da gudun tsiya, sai abubuwan da ke ciki su rabu bisa ga nauyinsu. Sa'an nan ya ɗebi kowane kashi ya gwada irin inzayim ɗin da ke cikinsa. Da shi da abokan aikinsa suka tarar akwai kashin da ya haɗa ma'aikata iri biyu a jaka guda: masu yin haidirojin feroksaid, da katales mai rushe shi. Cikin 1965 ya sa wa jakar suna feroksisom, watau jikin feroksaid. Cikin 1974 aka ba shi kyautar Nobel, tare da Albert Claude da George Palade, saboda binciken da suka yi a kan tsarin ƙwayar halitta.

SIFFARTA

Feroksisom 'yar jaka ce, galibi mulmulalliya. Faɗinta ya kan kama daga kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita zuwa kashi ɗaya cikin dubu. Watau ko manyansu aka jera, sai an sami kamar 25,000 kafin a cika inci guda. Fata ɗaya gare ta, ba kamar maitokondiriya da kulorofilas ba, masu fata biyu biyu. Ƙwayar hanta guda ta kan ƙunshi ɗaruruwansu, hanta da ƙoda kuwa su suka fi sauran gaɓoɓi yawansu. A jikin mutum an ƙidaya inzayim fiye da iri 50 cikinta.

A hantar ɓera a kan ga wani dunƙule mai tsari kamar ƙanƙara a tsakiyar jakar. Wannan wani inzayim ne da ke rushe yurik asid. Mutum ba shi da shi, shi ya sa in yurik asid ya yi masa yawa ya kan taru a gaɓoɓi, musamman babban yatsan ƙafa, ya kawo ciwo mai tsanani.

Feroksisom ba ta da littafin gado na kanta. Dukan ma'aikatanta a waje a ke ƙera su, cikin ruwan ƙwayar, sa'an nan a kai su. To, yaya mai kaiwa ke gane na feroksisom daga na sauran unguwanni? Amsar ta fito ne daga wurin maƙesu, ƙwaron nan da mu ke gani yana walƙiya da dare cikin damina. Cikin 1987 masana a Kalifoniya ta Amurka suka gane inzayim ɗin da ke ba maƙesu haske cikin feroksisom ya ke zaune. Da suka sa shi cikin ƙwayar wata dabba dabam, sai ya nufi feroksisom kai tsaye, bai ɓata ba. Da suka bi diddigi, sai suka tarar amino asid uku ne kacal a ƙarshen jelarsa su ne adireshi, kamar rubutun bayan ambulan. Akwai wani furotin mai aikin masinja, shi ke karanta adireshin, ya ɗauki kayan ya shigar, ya komo ya ɗauki wani. Mafi yawan ma'aikatan feroksisom da irin wannan adireshi su ke shiga, a yisti da tsiro da mutum baki ɗaya.

Sababbin feroksisom kuwa ta hanya biyu a ke samunsu. Ko tsohuwa ta yi tsawo ta tsinke biyu, ko kuwa sabuwa ta tofo daga wani tsarin fatu da ke cikin ƙwayar. Wadda ta tsufa, ƙwayar da kanta ta kan haɗiye ta ta narkar, bayan 'yan kwanaki.

WUTA DA RUWAN KASHE TA

Ainihin aikin shi ne wannan. Waɗansu inzayim na feroksisom su kan zare haidirojin daga jikin abin da a ke so a rushe, su miƙa wa oksijin. Abin da ke fitowa daga wannan haɗi shi ne haidirojin feroksaid. Shi kuwa mugun abu ne in ya yi yawa, yana cin furotin da fatun ƙwaya, har littafin gado bai bari ba. Nan ne katales ke shigowa. Ya kan kama ƙwayoyin feroksaid biyu, ya mai da su ƙwayoyin ruwa biyu da ƙwayar oksijin ɗaya. Saurinsa ya wuce misali, domin katales guda ya kan rushe miliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Oksijin ɗin nan shi ne kumfar da muka gani, shi ne kuma ya sake kunna mana tsinken tsintsiya. Wani lokaci kuma katales ya kan yi amfani da feroksaid ɗin ya ƙone wata guba da shi, har da wani kashi na barasa.

Amma kada mu ce duk inda aka ga kumfa akwai feroksisom. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da ita, duk da haka suna da katales cikin ruwansu, shi ya sa rauni ke kumfa in an zuba masa wannan ruwa. Cikin 1946 wani likita a ƙasar Jafan, Shigeo Takahara, ya zuba shi a gyambon bakin wata yarinya, sai bai ga kumfa ba, jinin ma ya yi baƙi. Ta haka aka gane akwai mutanen da a ke haifa ba su da katales. Likitocin yanzu kuwa sun fi son a wanke ƙaramin rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, don yawan zuba feroksaid yana cin sabon naman da ke tofowa.

AIKINTA A JIKIN MUTUM DA DABBA

Na fari, saran dogon kitse. Ƙwayar kitse kamar jigida ta ke, duwatsunta kuwa su ne kabon. Yawancin man da mu ke ci yana da duwatsu 16 ko 18, maitokondiriya kuwa tana iya ƙona wannan ba wahala. Amma akwai masu duwatsu 22 ko 24 ko 26, waɗannan sun fi ƙarfinta. Man gyaɗa yana da kaɗan daga cikin irinsu, jiki ma da kansa yana ƙera su. Sai feroksisom ta karɓe su, ta riƙa cire duwatsu biyu biyu har su gajarta, sa'an nan ta miƙa wa maitokondiriya ta ƙarasa. Kamar mai faskare ne da mai dafuwa: gungume ba ya shiga murhu sai an faskara shi. Paul Lazarow da de Duve su suka nuna wannan cikin hantar ɓera cikin 1976.

Na biyu, kitse mai rassa. Saniya in ta ci ciyawa, ƙwayoyin da ke cikin tumbinta su kan fid da wani abu daga koren ganye, wanda ke zama kitsen da a ke kira faitanik asid. Yana shiga nono da man shanu da naman shanu da na tumaki. Mu duka muna cinsa ba ya yi mana kome, don feroksisom tana cire dutse ɗaya daga ƙarshen jigidarsa, sai reshen ya daina hana a ƙona shi.

Na uku, gini. Ba rushewa kaɗai ta iya ba. A cikinta a ke fara ƙera wani irin kitse, filasmalojin, wanda ya yi yawa cikin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda roba ta lulluɓe wayar lantarki. A cikinta kuma a ke ƙarasa haɗa ruwan ɗacin da hanta ke tarawa cikin matsarmama, wanda ke taimakon hanji ya narkar da mai.

Na huɗu, tsaron ƙoda. Akwai wani abu, gilayoksilet, da feroksisom ta hanta ke mayarwa amino asid mai amfani. In ba a yi haka ba, sai ya zama okzalet, ya haɗu da kalsiyam, ya zama tsakuwa cikin ƙoda tun mutum yana yaro.

IN TA ƁACI

Ba a sanin darajar abu sai an rasa shi. Cikin 1964 Hans Zellweger da abokansa a Amurka suka ba da labarin waɗansu jarirai da a ke haifa jikinsu saɓule, ba ƙarfin tsotso, ga farfaɗiya, ga ciwon hanta. Cikin 1973 Sidney Goldfischer ya duba hantarsu da ƙodarsu, bai ga feroksisom ba. Daga baya aka gane masinjan nan ko ƙofar shiga ne suka lalace, ma'aikata suna nan amma ba mai kai su wurin aiki. Yawancin masu tsananin wannan ciwo ba su cika shekara. Ba ya kama yaro sai ya gaji ƙwayar gadon da ta lalace daga uwa da uba duka biyu, su kuwa iyayen lafiyarsu lau. Saboda haka ya fi yiwuwa inda ma'aurata 'yan'uwa ne na jini. Gidan da irin wannan ya faru fiye da sau ɗaya, abin da ya kamata shi ne a nemi shawarar likita, kada a ɗora wa uwa laifi ko a zargi maƙwabci.

Akwai kuma wani ciwo, adirinolukodistirofi, wanda ya fi tsanani ga maza, ta wajen uwa kuwa a ke gadonsa. A nan ƙofar da dogon kitse ke bi ce ta toshe, sai ya taru ya ci rigar jijiyoyi. Yaro ya kan taso lafiya, sa'an nan tsakanin shekara 4 da 10 karatu ya fara gagararsa, gani da ji su ragu, tafiya ta lalace. Ba cin man gyaɗa ke kawo shi ba, don yawancin kitsen da ke taruwa jiki ne ke ƙera shi. An gano ƙwayar gadon da ke da alhaki cikin 1993. In an gane shi da wuri, dashen ɓargo ya kan tsai da shi, shi ya sa tun ƙarshen 2013 Jihar New York ta fara gwada jinin kowane jariri don neman sa.

Na ukunsu shi ne ciwon da Sigvald Refsum na ƙasar Norwe ya bayyana cikin 1946, inda faitanik asid ke taruwa ya taɓa ido da jijiyoyin ƙafa. Masu shi su kan sami sauƙi in sun ƙaurace wa man shanu da kitsen dabbobi masu tuƙa. Dukan cututtukan nan ba su da yawa cikin jama'a, amma su suka koya wa likitoci abin da feroksisom ke yi.

DA RUWAN CIKI A KAN JA NA RIJIYA

Yanzu mu koma ga kwalba ta huɗu. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano cikin 1912, gyaɗa ta daɗe tana cikin manyan hanyoyin samun kuɗi na manoman ƙasar Katsina, har yau kuwa matanmu suna matse ta su fid da mai da ƙuli-ƙuli. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Amma ba don mu uwar gyaɗa ta tara shi ba. Guzuri ne ta yi wa ɗanta, ta kuwa zaɓi mai ne don ƙarfin da ke cikinsa ya ninka na sitaci fiye da sau biyu, in nauyinsu ɗaya.

Sai dai akwai matsala. Tsiron da ke cikin ƙasa bai ga rana ba tukuna, ba ya iya haɗa abinci. Saiwa da toho suna bukatar sukari, shi ne ke tafiya cikin jijiyoyin tsiro, da shi kuma a ke gina bangon sababbin ƙwayoyi. Mai kuwa ba ya tafiya cikin ruwa. Dole a mai da mai sukari. Jikin mutum ya iya mai da sukari kitse, kowa ya ga shaida, amma bai iya mai da jigidar kitse sukari ba. Tsiro ya iya. Cikin 1957 Hans Kornberg da Hans Krebs suka gano hanyar da a ke bi, cikin 1967 kuma Harry Beevers da R. W. Breidenbach a Amurka suka gano jakar da a ke aikin cikinta. Ba a wani baƙon itace suka same ta ba, a 'ya'yan zurma ne, wadda ke fitowa a bayan gidajenmu. Suka sa mata suna gilayoksisom, daga baya aka tabbatar feroksisom ce da ta ɗauki waɗansu ma'aikata na musamman.

Ga yadda abin ke tafiya. Da iri ya sha ruwan shuka, sai wani inzayim ya kwance man. Jigidar kitse ta shiga feroksisom, a yi ta sara ta biyu biyu har ƙarshe, domin a tsiro feroksisom ce ke yin saran duka. Sa'an nan a ɗauki guntaye biyu masu kabon bibbiyu a haɗa su su zama abu mai kabon huɗu, a miƙa wa maitokondiriya, daga nan ya fita cikin ruwan ƙwayar a gina sukari da shi. A zurma an auna, an ga nauyin sukarin da a ke samu ya kusa daidai da na man da aka ci. Kowace sara kuwa tana fid da feroksaid, don haka katales ke cika cikin tsiron, shi ya sa gyaɗarmu ta yi kumfa. Da ganye ya buɗe ya ga rana, sai jakar ta sallami ma'aikatan mai, ta ɗauki na ganye.

Wannan yana da darasi ga mai gona. Guzurin iri ƙidayayye ne. In an binne shi da zurfi ƙwarai, zai cinye yawancinsa kafin ya fito, ya fito a raunane. In iri ya motse, ko an cire shi bai ƙosa ba, guzurinsa kaɗan ne tun farko. In kuma an ɓare gyaɗa tun da kaka aka bar ta cikin zafi da laima, man ya kan ɓaci, ƙarfin tsirowa ya ragu. Manoman da ke ajiye irinsu cikin kwanso sai dab da shuka su ɓare, suna da hujja, ko da ba su taɓa jin sunan feroksisom ba.

CIKIN GANYE DA ZAFIN RANA

A ganye kuma aikinta gyaran kuskure ne. Inzayim ɗin da ke kama iskar kabon dayoksaid cikin kulorofilas, sunansa rubisko, ya kan yi kuskure kamar sau ɗaya cikin huɗu ko biyar, ya kamo oksijin a maimakonta. In haka ta faru sai a sami wani gutsure mai kabon biyu, gilaikolet, wanda ba shi da amfani, yana kuma cutarwa in ya taru. Sai unguwa uku su haɗa hannu, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kulorofilas ta miƙa wa feroksisom, ita ta juya shi ta miƙa wa maitokondiriya, ya komo feroksisom, ya koma inda ya fito. A hoton madubin lantarki a kan gan su ukun manne da juna. Daga kabon huɗu da suka shiga wannan zagaye, uku su kan komo, ɗaya ya salwanta. N. E. Tolbert na Mishigan shi ya fid da feroksisom daga ganye cikin 1968. An kuma sami wani irin sha'ir da katales ɗinsa ya yi ƙaranci, ganyensa na ƙonewa cikin iskar da muka saba, amma ya rayu lafiya in an ƙara masa kabon dayoksaid.

Kuskuren rubisko yana ƙaruwa ne da zafi, da kuma lokacin fari, sa'ad da ganye ke rufe 'yan ƙofofinsa don kada ruwa ya tsere. Kun ga ke nan ƙasarmu na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Wake da gyaɗa da auduga da shinkafa da alkama duk suna biyan wannan haraji, har ya kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ganye ya kamo. Gero da dawa da masara da rake kuwa suna da wata dabara, wadda M. D. Hatch da C. R. Slack suka bayyana a Ostareliya cikin 1966. Su kan tara kabon dayoksaid su cusa shi inda rubisko ya ke, har ya rasa damar yin kuskure. Wannan na cikin dalilan da suka sa gero da dawa suka zama tuwon ƙasar nan, alkama kuwa sai da sanyin hunturu a fadama. Cikin 2019 masana a jami'ar Illinois suka ba da labarin sun gina wa taba gajeriyar hanya ta wannan gyara, ta kuwa fi 'yar'uwarta girma a gona. Wake na cikin amfanin gonar da a ke fatan kai wa wannan dabara.

WAƊANSU DANGINTA

Ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, ita ma tana da irin tata, sunanta gilaikosom, wadda aka gano cikin 1977. A cikinta ta ke fara ƙona sukarin da ta sata daga jini. Da ya ke ƙwayoyinmu ba haka su ke yi ba, masu neman magani suna duba yadda za a toshe mata ƙofa ba tare da an taɓa mai ciwon ba. Har wa yau, furfurar da a ke samun fanisilin daga gare ta, cikin feroksisom ta ke ƙarasa haɗa shi.

ABIN DA MU KE ROƘO

Mafi yawanmu ajin makaranta za mu shiga in mun gama, wataƙila inda babu madubi ko ɗaya. Wannan bai zama uzuri ba. Kwalbar feroksaid guda, da 'yar hanta, da gyaɗa cikin hannu, sun isa yaro ya ga aikin inzayim da idonsa. Amma a kiyaye abu uku: kada a toshe bakin kwalbar, kada ruwan ya shiga ido, kada kuma a manta da kwalbar yashi da ta dafaffiyar hanta, don su ne ke nuna ba kowane abu ke kawo kumfar ba.

Mu kuma ga abin da muka shirya. Za mu jiƙa gyaɗa da gero rana ɗaya, mu riƙa ɗiban nauyi guda daga kowanne, ran 1 da ran 3 da ran 5 da ran 7, mu daka, mu auna tsawon kumfar da rula. Duk ajin da ya ga dama ya yi nasa, ya aiko wa Edita da lissafinsa, mu gwama mu gani ko namu ya yi daidai da na littafi.